Sabuwar Fuskar Mastura

A gidan makoki na ji maganar, a unguwar Bani Malik ta Jidda, ana tsakiyar raba gahawa da dabino. Wai Mastura ta kai fuskarta asibiti an ja mata, miji take nema. Nafissa mai turaren wuta ce ta kawo labarin, ta ce har an san mutumin, wani mai shagon zinariya a kasuwar Balad. Wata ta ce a'uzubillahi, canza halittar Allah da furfura a kai. Wata ta ce duk wadda ta koma Abhur sai iskar teku ta taɓa mata kai. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, saboda 'ya'yan mamaciyar suna zaune.

Ni ban yi ba. Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da 'yan mata ilimin halittu, kuma abin da ya fi ba ni wahala shi ne raba su da "ai kowa ya sani". Ga shi na san Mastura tun muna yara a unguwar Sharafiyya. Matar da mijinta ya rasu, ta fita takaba ta ce alhamdulillahi yanzu za ta kwana a miƙe, ita ce za ta nemo wani?

"Ke kin gan ta?" na tambayi Nafissa.

"Ya Abla Zakiya, wa ya gan ta? Ko waya ba ta ɗauka."

"To wa ya gaya miki?"

"Ai kowa ya sani."

Kafin in je sai da na karanta yadda ake aikin, don ba na zuwa duba abin da ban sani ba. Ashe na zamanin nan ba fata kawai ake ja ba. Likita yana yanka gaban kunne, ya shiga can ƙarƙashin naman fuska, ya saki abin da ya riƙe shi, ya ɗaga kuncin gaba ɗaya ya mayar da shi inda yake a da, sannan ya yanke rarar fatar da ta taru a gefen kunne ya ɗinke. Mutum yakan yi makonni a kumbure, ba ya shiga jama'a. A kan rarar fatar nan na tsaya, don na tuna abin da ke gaban kunnen Mastura.

Bayan la'asar na shiga tasi zuwa Abhur, gidan ɗanta Mazen, inda take zaune tun rasuwar mijinta. Manal matar Mazen ce ta buɗe, ta sumbace ni a iska.

"Khala Zakiya! Da kin buga waya. Ummi tana hutawa, likita ya hana ta baƙi."

"Ni ba baƙuwa ba ce. Ni na riƙe ƙafar uwar mijinki ranar da aka haife shi. Yalla, nuna mini ɗakin."

Ɗakin yana bayan gida, kusa da wurin wanki. Mastura na jingine da matasai, an naɗe mata haɓa da wani ƙyalle mai matsewa. Kumatunta sun hau sama, wuyanta ya miƙe, ƙasan idonta ya yi ɗorawa-ɗorawa. Gaskiya likitan ya iya aikinsa. Da a kasuwa na gan ta, da na ce ƙanwarta ce, alhali ba ta da ƙanwa.

"Wace ce?" ta ce, tana ƙanƙance ido.

"Mai shagon zinariya ne ya aiko ni."

"Zakiya! Ja'ira. Wane mai zinariya?"

Na ba ta labarin Bani Malik. Ta so ta yi dariya, bakin ya ƙi buɗewa, ta dafe kunci.

"Kar ki sa ɗinkin ya ɓalle. Miji? Allah ya raba ni da wankin wani tsoho."

"Ina gilashinki?"

"An hana ni. Ƙafarsa na zama a kan ɗinkin. Ba na ganin komai sai inuwa, wayar ma Mazen ya ajiye mini."

Na matsa na ɗaga gefen ƙyallen. A da tsage uku-uku ne da ita a gaban kowane kunne, irin na mutanen ubanta, wanzami ya yi mata su a hanya lokacin da iyayenta ke tahowa hajji a ƙasa. Da su na san ta a layin makaranta. Yanzu babu ko ɗaya, sai siririn jan layi da ya bi lanƙwasar kunne.

"Ina suke?"

"A kwandon sharar asibiti, ina jin."

"Mastura."

Ta murza bakin mayafinta, sannan ta faɗa mini. Ranar da dangin saurayi suka zo ganin Afnan, jikarta, 'yar Mazen, ta yi kwalliya ta fito falo don ta gaida su. Uwar yaron ta dube ta, ta dubi kumatunta, ta cire abaya ta miƙa mata ta ce, ya dada, rataye mini wannan. Dada kuwa a Jidda kowa ya san ta, baƙar mai reno ce da ta tsufa a gidan iyayen gidanta.

"Sai kika ce mata me?"

"Na jira Manal ta yi magana. Na jira Afnan. Afnan da na goya a bayana, ta sunkuyar da kai tana gyara zobe. Sai na karɓa na rataye."

"Mazen fa?"

"Ya ce ya Ummi, a yi haƙuri, mutanen manya ne, gyaran maganar yanzu zai kunyata matar. Na ce masa tsagen ne ko? Su ne suka sa ta ce haka? Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Bayan kwana biyu ya ce akwai wani likita."

"Ke ma kin yi makaranta, Mastura. Kin san ba tsage matar ta gani ba."

"Na sani. Amma shi ne abin da ake iya cirewa."



Ta nuna mini wajen ƙofa da hannu. Wata riga ce a rataye cikin leda, kore mai duhu, an yi mata aikin zare a wuya.

"Bayan babbar Salla ne bikin. Kafin nan kumburin ya sauka. Zan shiga zauren mata da fuskata a buɗe, in zauna kusa da amarya, Mazen ya yi mini alkawari za a ce ga kakarta. Halas, abin da nake so ke nan. In ya so washegari in mutu."

"Afnan tana leƙo ki?"

"Tana Riyad, wai wani kwas na wurin aikinsu. Gara haka, kar ta gan ni kamar kabewa."

Manal ta shigo da shayi. Da ta miƙo mini kofi na ga hannunta. Lalle ne tun daga yatsu har gwiwar hannu, zane mai cin yini guda, ya koɗe ya zama ruwan ƙasa. A faratanta kuwa fari ya tsiro daga gindi, siriri. Babu matar da ke zaunawa a yi mata irin wannan don zaman gida da jinyar suruka. Na sha shayin, na ce zan mayar da kofunan da kaina.

A kicin na same ta. Na ajiye tiren, na kama wuyan hannunta na juya.

"Mabruk. Bikin wa?"

"Na wata ƙawata ne, Khala."

"Ƙawarki ce ta sa aka yi miki na uwar amarya? 'Yata, na girmi wannan ƙaryar."

Ta janye hannu, ta leƙa ƙofa, ta koma Larabci da sauri-sauri, kamar yadda yaran nan ke yi in Hausa ta yi musu nauyi. Wallahi ba ita ba ce. Abin ya riga ya yi nisa, an bar mutanen a kan cewa dada ce, ta yaya za a tsayar da ita gaban ɗaruruwan mata a ce kaka? Mazen ya ce a saya mata kwanciyar hankali. Likitan ma ya ba su ranakun aiki da dama, Mazen ne ya zaɓi ta daren lalle. In ta warke za a yi 'yar walima a gida, ta sa rigarta.

"Kar ki faɗa mata, Khala, Allah ya bar ki. Hawan jini gare ta."

"Da aka kwantar da ita awa da awanni ana yanka, ba ta da hawan jinin?"

Ta buɗe famfo a kan kofunan.

Na tsaya a tsakar gida. Iskar tekun da matan Bani Malik ke zargi tana kaɗa zannuwan gado a kan igiya. Na san abin da ake cewa, a rufa wa mara lafiya, a bar wa lokaci. Na ga matan da aka rufa wa haka, su ne na ƙarshen ji, kuma a bakin irin su Nafissa, a gidan makoki, ana raba gahawa.

Na koma ɗakin na ja ƙofa. Mastura ta juyo da sabuwar fuskarta wajen motsina.

"Kin ga rigar da kyau? Koren bai yi mini yarinta ba?"

Na zauna a bakin gadon na riƙe hannunta.

"Mastura, an yi bikin Afnan. Ranar da aka yi miki aiki aka yi daren lalle, washegari aka kai ta. Tana gidan mijinta. Mazen ne ya zaɓi ranar."