Batir Biyar na Boubacar

Masu cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ba su san Kalsum mai hoto ba.

Shekara uku manyan matan Agege ba sa biki sai da ita. "Hotonta tsohuwa yake mayarwa yarinya," in ji su. Ita ma ta ɗauka iyawarta ce. Ta manta ranar da kyamarar ta suɓuce mata ta faɗi a ƙofar motar danfo.

Mouna, mai hoton da ba ta samun sai ragowar bukukuwa, ita ta ƙura wa hotunan ido wata rana.

"Yaya Kalsum, ba don kar ki ce hassada ba... dubi labulen bayan amarya, zarensa ana ƙirgawa. Fuskar kuwa kamar an huro mata hayaƙi. Ki kai wa Boubacar kyamarar tun kafin a gane."

Jibi ne bikin 'yar Hajiya Mastura, mai sayar da man ƙarin haske, wadda in ta yabe ka ka ci Agege, in ta kushe ka sai ka nemi wata sana'ar.

Boubacar, mutumin Maraɗi mai gyaran kyamara, ya jera batir biyar a karkace bisa teburi. Ya saita kyamarar kan na tsakiya, ya ɗauka. Na huɗu ne ya fito tar.

"Kin gani? Kina nuna mata hanci, tana kama ƙeya. Madubin ciki ne ya goce."

Ya kwance, ya ɗaure, ya sake ɗauka. Rubutun batir na uku har ana karantawa. Kalsum ta yi ta sa masa albarka.

Ranar biki ta ɗauki Hajiya Mastura sau arba'in, ta aika aka wanko da zafi-zafi, aka baje a tabarma bakin ƙofa kamar yadda aka saba, kowa ya tsinci nasa.

Komai ya fito. Ƙunar mai a kumatu. Koriyar jijiya. Hodar da ta taru cikin tamoji kamar gari a tsagar turmi. Mata suka yi dafifi, har da masu sayen man Hajiya. Wata Bayarabiya ta ɗaga hoto sama, ta ce, "Haa! Wannan ne man?" Aka kwashe da dariya.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka naɗe tabarmar, ta dubi Kalsum.

"Nawa aka biya ki?"

"Hajiya, wallahi gyara na kai..."

"To kin gyara. Kama hanya."

A bakin ƙofa ta ci karo da Mouna, kyamara a wuya, an riga an kira ta. Kalsum na kallo Mouna ta lakuci man kaɗanya, ta shafa siriri a gilashin gaban kyamarar don fuska ta fito da ɗan hayaƙi.

"Sannu, Yaya," in ji Mouna. "Ɗan matsa, kin tare min haske."