Gwangwanin Tsakiyar Fili

Malam Maccido yana shan kunu da sassafe ya ji ƙarar daga gidan maƙwabcinsa Tukur, inda ake haƙar salga. Ba irin ƙarar diga a kan dutse ba ce. Wani amo ne mai zurfi, kamar an bugi tukunyar ƙarfe a cikin rijiya. Masu haƙa suka tsaya cak, sai salatin mata ya tashi.

Kafin ya lalubo takalminsa, rabin layinsu na Unguwar Rogo ya taru. An ajiye abin a tsakiyar hanya, kowa ya ja baya. Tsohon gwangwani ne mai tsatsa, an liƙe bakinsa da kwalta.

"Wata huɗu Sadiyatu na kwance," in ji Tukur. "Ashe ga abin da anka binne a gidana!"

Ba wanda ya ambaci suna, amma idanu suka koma kan Balkisu mai masa, wadda katanga ɗaya ta raba ta da gidan Tukur. Kowa ya san bara sun yi cacar baki da Sadiyatu, matar Tukur, a kan ruwan kwata.

"Wallahi Tukur ban san shi ba," ta ce, tana murza bakin mayafinta.

Wani ya kawo kalanzir. Maccido ya san in aka ƙona gwangwanin, babu sauran abin da zai wanke ta a unguwar nan. Ya dubi tsohuwar bishiyar dogon yaro ta ƙarshen layi, ya ƙirga taku da idonsa zuwa gidan Tukur. Hamsin da biyar. Nan take ya gane wurin.

"Kada ku ƙona. Ni na binne shi."

Ya gaya musu cewa kafin a yi gidajen nan, wurin filin ƙwallo ne na wata ƙungiya mai suna Walƙiya, wadda ake zuwa kallo har daga ƙauyuka. Shi ne mai zana musu layi da farar ƙasar Kalambaina. Ranar da aka zo yanka filaye, ya binne gwangwanin a tsakiyar filin, daidai inda ake take ƙwallo, don kada ƙasar ta manta da su. Suka koma wani fili a hanyar Kalambaina, ya zama tashar manyan motoci. Suka koma Mabera, aka gina makaranta. Daga nan Walƙiya ta watse.

"Baba, so kake ka ruhwa mata asiri," in ji Tukur.

"To bari in hwaɗi abin da ke ciki kahin a buɗe. Akwai usur na tagulla, da dunƙulen farar ƙasa, da takarda cikin leda mai sunan mutum goma sha ɗaya da ajami. Na farko Ubaidullahi."

"Sunan ubana? Ka rubuta sunan ubana ka binne?"

Taron ya ɗauki guna-guni. Mai kalanzir ya matso.

"Mai tsaron gida ne, shi aka fara rubutawa," in ji Maccido. "Maganaɗisu muke ce mishi."

Tukur ya yi dariyar takaici. Mahaifin da ya sani ɗan kasuwar hatsi ne, mutumin da ya sha zane shi a kan buga ƙwallo a lungu.

"Ƙaramin yatsanai na hagu da ya karkace," in ji Maccido, "mi ya ce maka ya same shi?"

"Buhun gero ya hwaɗo mishi."

"Allah shi jiƙan Ubaidu. Fenariti ce ya tare, ran da munka ci mutanen Gusau. Ni na ɗaure mishi shi da karan dawa."

Limamin unguwar ya karɓi wuƙa, ya yi bismilla, ya kankare kwaltar. Usur ya fara faɗowa, ya yi kore. Sai farar ƙasa. Sai takardar, wadda ya buɗe a hankali ya kai kusa da idonsa.

"Ubaidu Maganaɗisu," ya karanta. "Faruk Babur. Jamilu Ƙafar Hagu." Ya dakata, ya yi gyaran murya. "Ɗanladi Kura... Wanga ai kawuna ne. Ladan ne hwa!"

Dariya ta ɓarke. Mai kalanzir ya sulale da galan ɗinsa. Tukur ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya je gaban Balkisu ya durƙusa.

"Inna, ki yahe mani."

"Tashi," ta ce, tana share ido. "Ka maida yarinyar nan asibiti yau, a sake duba ta. In kun dawo akwai masa."

Maccido ya zauna a kan dakali. Ya ɗauki usur ɗin yana goge shi da bakin riga. A idonsa gidajen sun ɗaga, ga farin layinsa miƙe sambal har gindin dogon yaro.

Habibu tela, da ke jingine da ƙofar shagonsa tun ɗazu, ya ɗaga murya.

"Baba Maccido, to tashar Kalambaina da makarantar Mabera hwa? Can ma akwai gwangwani?"

Liman ya dubi Tukur, Tukur ya dubi ƙasa. Maccido ya yi murmushi, ya shiga hure ƙasa daga cikin usur.