Wa Ke Bin Layin Abeke?

…kuma ba a kwance yake ba. A tsaye yake. Yatsanta na cikin ƙasar baƙar ledar, tana taɓa ƙwallon kwakwar manjan, ga shi tsaye cak kamar an auna. Ita kuwa a kwance ta binne shi jiya da gangan, a leda ta uku, har ta soka tsinke a gefe don kada ta ɓace mata. Ga tsinken nan. To wa ya tayar da shi?

Abeke, ki natsu. Shekara ashirin da shida kina aiki a gandun renon dashen nan na bayan garin Fobe, ba yau kika fara taɓa ƙasa ba.

Ƙwallo in ya fashe, abu biyu yake fitarwa, ƙanana, ba su kai gaɓar yatsa ba. Ɗaya fari tas mai tsini, shi zai zama ganye. Ɗayan ya ɗan yi duhu, bakinsa a dakushe. Radikil. Haka mijinta Akanbi yake kiransa, yana wani murɗa harshe da Faransancinsa na aji huɗu, ita kuma tana yi masa dariya. Saiwar fari ke nan, wadda ke fita tun ƙwallon bai san akwai rana ba. "Radikil ƙasa take kallo, Abeke. Kika juya ta sama, kin haifi gurgu." Dashen ya fito a murɗe, a tumɓuke shi a yar. Shi ma mai maganar shekara huɗu ke nan yana ƙasa, a bayan ɗakinsu, taku goma daga inda take hura wuta…

Ta daina ganin bambancin. Tun ruwan farko na bara yanar ido ta rufe mata gani, fari da duhu duk suka koma toka ɗaya. Yatsun fa? Kantar aiki ta cinye su, tsini da dakushi duk ɗaya suke ji. Canki-canka take yi, leda ɗari biyu a wuni, tana cusawa tana roƙon Allah a ciki. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta gaya wa wa? Firmin, shugaban aikin, ya faɗa da bakinsa: duk wadda layinta ya ba da guragu goma cikin ɗari, ta ajiye kwandonta. Ɗakin da take ciki kuwa na gandun ne. Sai ɗanta Dele ya zo ya kwashe ta zuwa Kutonu, ya ajiye ta a saman bene kamar tsohuwar tukunya. Kabarin kuma — wa zai share shi? Wa zai ce masa an wayi gari?

Mako uku ta yi tana jiran guragun. Tsoro ta ji ƙwarai. Sai layinta ya fito miƙe. Duka. Ta bi su da tafin hannu, tsini bayan tsini, babu ko ɗaya a murɗe. Firmin har da tafi: "Ku zo ku ga aikin manya, ku ragwaye! Iya Dele ko ido rufe sai ta shuka!" Matan nan masu dariyar banza, waɗanda ko akuya ta yi atishawa sai sun ƙyalƙyale… ba wadda ta yi dariya. Me ya sa ba su yi ba?

Canki-canka ba ta ba da ɗari bisa ɗari. Ta sani. Shi ya sa ta kwantar da wannan ɗin jiya, don kwance da tsaye kam har yanzu yatsa na ganewa.

Tana shafa saman ƙasar. Ga gurbin babban yatsa — biyu, ɗaya kusa da ɗaya. Ita sau ɗaya take dannawa. Sau biyu kuwa… na Akanbi ne. Hannunsa ne. Sau biyu yake dannawa, yana cewa na farko na ƙwallo, na biyu na sa'a. Baba Dele, kai ne? Kai ke tasowa kana bin layina? Taku goma daga ɗaki, daga nan zuwa rumfar dashe wasu ɗari — da wace ƙafa? Ƙasar ledar sanyi gare ta, sanyin da ba na raɓa ba. Ba ta jin ƙanshin tabarsa, amma tana shaƙa, tana nema. In kai ne, ka ci gaba. Ba zan faɗa ba. Wallahi har wani daɗi take ji a ƙasan tsoron, kamar an lulluɓa mata zane tana barci.

"Iya Dele, yau kin riga kaji fita?"

Odile ce, mai layin kusa da nata, ta gane muryar. Hannu yana kama nata don ya tashe ta. Hannun a jiƙe, damɓare da ƙasa, alhali ba a fara aiki ba, ba a raba ƙwallon yau ba. Ƙasar me take taɓawa da sassafen nan?

"Ki bar ta ukun nan, Iya," in ji Odile ƙasa-ƙasa. "Ta yi daidai. Kada ki karya mata radikil."

Ta ukun. Ba ta ce ma kowa ta uku ba… Akanbi ne ya koya wa Odile shuka. Ya koya wa Sidoni, ya koya wa Iya Ibeji, duk matan rumfar nan a hannunsa suka koya, duk sau biyu suke dannawa. Yaya aka yi ta manta?

A bayan Odile akwai wasu ƙafafu, tana jin sun tsaya. Biyu? Biyar? Inuwoyi ne kawai cikin tokar idonta, ba mai tari, ba mai gaisuwa. Su ne ke nan: leda ɗari biyu kullum, a tone, a juya, a mayar, kafin ta gama ɗaura ɗankwali. Tun yaushe? Tun yaushe suke kallonta tana lalube, suna yi mata shiru?

Hannun Odile bai sake ta ba, ita kuma ta rasa inda za ta ajiye fuskarta.