Famfon Gilashi

Robar ƙarin ruwa na rataye jikin ƙusar da Baba ke sagale tef ɗin awo, Likita kuwa na durƙushe a ƙarƙashinta tana murza ɗan wilin da babban yatsa. Ɗis. Ɗis. Ruwan na sauka cikin kofin shayi, tana kaɗa kofin da ɗaya hannun, ta haɗe rai kamar mai yi wa mutum tiyata.

"Mara lafiyar zai tashi kuwa?" in ji Yaya daga bakin ƙofa.

"Matsa min daga haske."

"Umma, zo ki gani, an ba kofinki gado a asibiti."

Likita dai ba likita ba ce. 'Yar ajin ƙarshe ce a sakandare, Baba ne ya laƙaba mata sunan tun ranar da ta fara zuwa ta ɗaya, sunan ya bi ta har makaranta. Shi Baba tela ne, irin wanda ba a kawo wa sabon yadi, sai rage ƙugu da canjin zif. Robar kuwa Gwaggo ce ta samo mata, mai shara a wani asibiti.

Abin da ya kawo durƙuson shi ne, wata gidauniya ta ce za ta ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya tak daga makarantar zuwa karatun likita, wanda ya fi kowa maki a kimiyya. A rubutu babu mai ja da Likita. Saura jarrabawar gwaji ta kemistiri: a ɗiga asid daga wani dogon bututun gilashi mai famfo a gindi, buret sunansa, a cikin kwalba, da ruwan kwalbar ya canja launi a rufe. Lissafin abin, ko daga barci aka tashe ta za ta yi shi. Buret ɗin ne dai ba ta taɓa riƙewa ba.

* * *

Kar a ce makarantar ba ta da ɗakin gwaji. Akwai shi, har da allo a saman ƙofa da manyan baƙaƙe: Cibiyar Binciken Kimiyya ta Zamani. A ƙasan allon akwai kwaɗo, makullin kuma na aljihun farar rigar malamin kemistiri, rigar da yake sawa ko katin waya zai saya. Ɗalibai na kiran sa Malam Ku-ɗauka, kuma ba sharri suka yi masa ba.

"Ku ɗauka wannan buret ne," sai ya zana doguwar sanda a allo. "Ku ɗauka kun buɗe famfo. Ku ɗauka ya koma ruwan hoda. Me kuka gani?"

"Ruwan hoda!" aji ya amsa, kowa na kallon farin alli.

Ranar Asabar ce kaɗai ake daina ɗauka. Ranar kwaɗo ke buɗewa don 'yan lesin, waɗanda iyayensu suka biya. Ran Litinin sai su dawo suna hirar wanda ya fasa kwalba, da wanda ya kusa haɗiyar ruwan gwaji, suna dariya, Likita na ji.

Sau ɗaya ta tare Malam a baranda.

"Malam, ko sau ɗaya ne, in taɓa shi kawai."

Ya gyara zaman tabarau. "Yarinyata, kimiyya a ka take, ba a hannu ba. Manyan masana ma da tunani suka fara. Kuma kayan gilashi ne, ba sa son jagwalgwalo." Ya ɗan sassauta murya. "Ki ce wa babanki ya zo mu gana."

Baba ya goge rigarsa ta fita, ya je suka gana. Ya dawo da wandon Malam a leda, wai a rage masa tsawo, da alƙawarin za a duba.

"To me ya ce?" Umma ta tambaya.

"Ya ce yarinyar nan abin alfahari ce."

"Shi ya sa ya ba mu wando mu yi alfahari da shi," in ji Yaya.

An rage wando, an goge, an mayar. Ana ta dubawa har ranar jarrabawa ta zo.

* * *

Ranar ta fara shiga Cibiyar Bincike. Ɗaki ne dai, da tebura, da warin da ba ta san sunansa ba. Kowa da buret ɗinsa a tsaye, da ɗan asid ɗinsa a kwalba, an auna daidai wa daida. A gefenta 'yar mai kemis ce, wadda ke zuwa ta biyu kullum, yarinya marar hayaniya da ke ara mata littattafai.

Buret ɗin ya fi na allo tsawo, ya kuma fi shi kyau. Likita ta cika shi a hankali. Ta sa kwalba a ƙasa, ruwan ciki rawaya. Ta laluba wili, babu wili. Wani ɗan maɓallin gilashi ne a gicce. Ta kama shi da hannun dama, ta murɗa. Ya cije. Ta ƙara murɗawa, ta ɗan janyo shi wajenta.

Famfon ya fito gaba ɗaya, ya zauna a tafin hannunta.

Asid ya tsiyayo shaa, rabi a kwalba, rabi a tebur, ya gangaro ya jiƙa mata siket. Ruwan kwalbar bai tsaya gaisawa da ruwan hoda ba, ya zarce ja jawur. Kafin ta mayar da famfon, buret ya zama fanko.

"Wayyo! Da hagu ake yi," 'yar mai kemis ta raɗa mata, idonta cike da tausayi. "Zagayo da hannu ake, ana tura shi ciki. Ai Malam ya faɗa tun ranar farko."

Ranar farko ta wace Asabar? Likita ba ta tambaya ba. Ta ɗaga hannu.

"Malam, a ƙara min asid."

"An auna wa kowa nasa," in ji baƙon da aka turo sa ido kan jarrabawar, wanda ya riga ya iso kanta ya yi tsaye.

Malam ya matso, hannuwa a aljihun farar riga, ya girgiza kai ya dubi baƙon. "Kullum ina gaya musu, aikin gwaji sai da yawan gwadawa. Yaran yanzu ba sa ji."

Wandonsa ya zauna masa daidai, bai ko taɓa takalmi ba. Baba ya iya aiki.

Ta zauna ta rubuta komai, yadda ake yi, da dalilin yi, da yadda ake lissafawa, cikin rubutunta mai kyau. Inda lambobi za su shiga ta bar fili.

* * *

Ranar bayyana sakamako Shugaban makaranta ya hau dandamali da doguwar rigar jami'a da hula mai tuntu, cikin zafin rana, yana sharce gumi.

"A wannan makaranta ba mu san ɗan wane ba," ya ce. "Ƙoƙari kaɗai muka sani. Jarrabawa ɗaya, buret iri ɗaya, lokaci ɗaya. Wanda ya dage ya gani."

Aka tafa. 'Yar mai kemis ta hau ta karɓi takardar gidauniya kanta a sunkuye. Babanta na ɗaukar hoto yana gaya wa na kusa da shi cewa dama can ya riga ya nema mata gurbi, wannan ɗin ƙari ne.

A gida Yaya ta karanta bayanin da Malam ya rubuta a takardar sakamakon Likita da muryar Malam, har da gyaran tabarau ɗin da ba ta da shi: "Tana da ƙwaƙwalwa, sai dai ba ta ba aikin hannu muhimmanci ba." Ta jira a yi dariya. Ba wanda ya yi. Ta ninke takardar ta fita tsakar gida tana buga bokiti ba dalili.

Siket ɗin kuwa, sai da Umma ta wanke ya bushe sannan aikin asid ya nuna: ƙananan huji birjik daga cinya zuwa gwiwa. Ba a yar da shi, Auta za ta shiga sakandare baɗi. Ita Autar tana tsaye ƙarƙashin ƙusa tana wasa da wilin robar.

"Yaya ƙarama, in kin gama da wannan ki bar min, ni ma kimiyya zan yi."

Baba ya ɗaga siket ɗin saitin taga, haske na ɓullowa ta kowane huji yana sauka a fuskarsa. A gefen keke, cikin leda, wani wandon Malam na jiran layi, ɗazu aka aiko da shi.

"Lik..." Baba ya fara, sai ya yi gyaran murya. "Ke, miƙo min shuɗin zare."