Finjalin da Wada Ya Cika

Wada ya shekara goma sha ɗaya a Makka yana riƙe da wani ra'ayi da bai taɓa faɗa wa kowa ba sai matarsa Shatu. A ganinsa Larabawa mutanen kirki ne, akwai kyauta akwai karamci, amma in aka zo kan gahawa rowa gare su. Mutum zai yanka maka rago sukutum, sannan ya ɗiga maka abin da bai isa jiƙa harshe ba a gindin finjali. Shi da ya tashi a Kazaure, inda ake cika wa baƙo ƙwarya har fura ta taɓa yatsa, abin bai taɓa kwanta masa ba. Bai kuma taɓa tambayar dalili ba, don Wada ba ya tambayar abin da ya riga ya gane.

Mai gadi ne a wata makarantar manyan ɗalibai da ke bayan unguwar Tandabawi, wadda kowa ke kira ma'ahad. Albashin ba abin a faɗa ba ne. Abin da ya riƙe shi ɗakin bakin ƙofa ne da aka ba shi tare da aikin, ɗakin dutse mai rufi na gaske da taga guda. Kafin su same shi, shekara takwas suka yi a bukkar gwangwani da buhu a jikin dutse, inda rana ke gasa su, ruwa in ya zo ya kwashe musu tabarma. Shatu kan share ɗakin nan sau uku a yini ko da ba abin sharewa.

A shekarun nan na bayan yaƙin duniya na biyu ƙwallo ya kama samarin Makka, ya haɗa har da wasu dattawan. Mudir Abdulganiyyu, shugaban ma'ahad, yana cikin waɗanda ya kama. Shekara uku a jere wata makaranta tana lallasa ɗalibansa, har ya daina bin layin da shugabanta ke zama da yamma. Sai ya ɗora wa Ustaz Yunus, malamin wasanni, aikin nemo 'yan wasa ko daga ina. Ustaz ya yi karatu a waje ya dawo da usur da igiyar awo, kuma ba ya rabuwa da ko ɗaya. Shi ya gano wani saurayi, Ja'afaru, a kasuwar kayan lambu, ana jefo masa kankana daga kan mota yana caɓewa tun safe har hantsi, ko ɗaya ba ta faɗi ba. Ustaz ya dawo yana haki ya ce ya samo mai tsaron raga.

Aka gayyaci uban yaron, Shaikh Hashimu, manomin kankana daga Wadi Fatima. Ranar da zai zo, Idris mai gahawa ya tafi Ɗa'if duba mahaifiyarsa. Mudir ya leƙo ta taga.

"Ya Hajji Wada, ka iya zuba gahawa?"

Wada ya kusa jin haushi. Zubawa ce fa kawai. Ya ce ya iya.

Yana tsaye a bakin ƙofar ofis da buta a hannu ya ga duk abin da ya faru. An bar Shaikh Hashimu zaune kusan sa'a guda kafin Mudir ya shigo. Da ya shigo, sau biyu yana kiransa da sunan da ba nasa ba. Sannan Ustaz Yunus ya sa Ja'afaru ya miƙe, ya ɗage masa riga har gwiwa, ya matsa ƙwaurinsa, ya auna tsawon hannayensa da igiya, ya sa shi tsalle sau biyar. Ya juya ya ce wa Mudir, "Wannan zai yi mana shekara uku, ko huɗu in an kula da shi." Ba wanda ya ambaci karatu. Dattijon yana zaune yana jan gemu.

Wada ya ga fuskar baƙon ta canja, tausayi ya kama shi. Ya ce a ransa yau dai mutumin nan zai ga karamci ko da sau ɗaya ne. Ya matso, ya tsiyaya gahawa har ta kai bakin finjali tana rawa, ya miƙa da hannu biyu yana murmushi.

Shaikh Hashimu ya dubi finjalin, ya dubi Mudir. Ya kurɓa sau ɗaya, ya miƙe, ya ce wa ɗansa su tafi, ya yi sallama ya fita.

Sai a lokacin Wada ya ji abin da shekara goma sha ɗaya ba su gaya masa ba, kuma da ihu ya ji shi. Ashe ɗan ɗigon nan girmamawa ce. Ana zuba wa baƙo kaɗan kaɗan ne don ya daɗe ana hidima da shi. Wanda aka cika wa finjali kuwa, an ce masa ne ya shanye ya kama gabansa.

"Ka kore shi!" in ji Ustaz Yunus, usur yana lilo a ƙirjinsa. "Wata biyu ina bin yaron nan, ka kore shi da finjali guda!"

Mudir bai ɗaga murya ba. Ya ce in yaron ya tafi waccan makarantar, Wada ya nemi wani wurin kafin ƙarshen wata, ɗakin kuma a miƙa makulli.

Shatu na tankaɗe a ƙofar ɗaki lokacin da ya ba ta labari. Ta yi dariya har ta aje rariya.

"To Malam, yau ka koya wa Larabawa kyauta."

"Ke, ba abin dariya ba ne. Ɗakin nan ake magana."

"Na ji ai. Shekara nawa kana ce mini marowata ne? Ashe kai ne ba ka iya sha ba." Ta ɗauki rariyar. "Mutumin nan ba a sama yake ba. Ba a kasuwa yake sauke kankana ba? Ka je ka ba shi haƙuri, bakinka ba zai zube ba."

Washegari bayan asuba ya kama hanyar kasuwa, yana maimaita kalmomin ban haƙuri da Larabcinsa na bakin ƙofa. Ya tarar da Shaikh Hashimu zaune kan buhu yana kallon ana sauke kaya. Ya tsuguna ya fara, ya ce shi baƙo ne, a ƙasarsu cika wa mutum ƙwarya shi ne ƙauna, wallahi bai san kora ba ce.

Dattijon ya bar shi ya gama tukuna. Sannan ya sa aka yanko masa kankana.

"Ya Hajji, ka ɗauka ban san mutanenku ba? Shekara ashirin suna yi mini aiki a gona. Ko ruwa za ku ba mutum sai ya zube masa a riga. Da na ga finjalin nan dariya ta kusa kuɓuce mini."

Wada ya tsaya da kankana a hannu. "To me ya tashe ka, ya Shaikh?"

"Ai kana wurin. Ka ga yadda suka lalube mini ɗa. Ko ɗan akuya zan saya, nakan gai da mai shi kafin in taɓa. Ni malami nake so ya zama, su kuwa ƙafarsa suke so." Ya goge gemu. "Amma ba zan zauna a gidan mutum in ce masa ya raina ni ba, sai a ce ɗan ƙauye ya yi rashin kunya. Ina ta neman hanyar fita, sai ga finjalinka. Allah ya saka maka."

Wada ya rasa ko ya yi godiya ko ya yi kuka. Ashe kowa a ɗakin nan ya sami inda zai rataya nasa, kuma duk a wuyansa suka rataya. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya aje kankanar. Ya gaya wa dattijon zancen ƙarshen wata da makulli da bukkar gwangwani, bai yi wa maganar ado ba.

Kunya ta kama Shaikh Hashimu a fili, don ko kaɗan bai tuna akwai wanda zai kwana a ciki ba. Can ya ce, "Ka ce wa Mudir ina nan zuwa ranar Asabar. Kai nake so ka zuba."

Kwana uku Wada yana koyon rowa. Shatu ta zauna kan tabarma a matsayin baƙo, shi yana zuba mata ruwa daga butar alwala a finjalin aro. In ya zuba ta leƙa ta ce ya yi yawa. Ya rage, ta ce har yanzu Bakazaure ne. Hannunsa ya ƙi tsayawa inda ake so, kullum sai ya ƙara ɗan kaɗan don kada a ce.

Ranar Asabar Mudir ya riga baƙon isa ofis, ya kuma haddace sunansa. Ustaz Yunus ya bar igiyar awo a aljihu, ko da yake hannunsa na yawan zuwa wurin. Wada ya shigo, ya riƙe numfashi, ya ɗiga gahawa daidai gindin finjali, ya miƙa da dama. Shaikh Hashimu ya karɓa, bai sha ba, ya aje a ƙasa gabansa.

Wada ya dubi finjalin. Ya cika an tashi, ya rage an ƙi sha, to me kuma ya rage? Ya fara tunanin wanda zai ara masa jaki ya kwashe kaya. Amma Mudir ya gyara zama, don shi ya san wannan al'adar. Baƙon da ya aje finjali bai sha ba yana da buƙata, ba kuma zai sha ba sai mai gida ya ɗauki alkawari.

"Sha gahawarka, ya Shaikh," in ji Mudir. "Abin da ka zo da shi an yi."

"Mutumin nan," dattijon ya nuna Wada da haɓa, "ya zauna a aikinsa da ɗakinsa. Yaro kuma ya shiga aji kamar kowa, ƙwallo sai bayan la'asar."

"An yi."

Shaikh Hashimu ya ɗauki finjalin ya shanye. Wada ya tsaya yana jiran saura. Yana jira a ce ba finjali ba ne, a ambaci igiyar awo, ko sa'a gudan nan ta jira. Dattijon kuwa ya karkata zance kan tsadar dakon kankana. Ya biya bashin da yake ganin yana kansa, bai ga dalilin ɓata wa manya rai ba tunda ɗansa zai zauna a hannunsu.

Bayan baƙi sun tafi, Mudir ya ce an yafe, amma aiki aiki ne, dole a rubuta. Ustaz Yunus ne ya rubuta takardar da kyakkyawan rubutunsa, ya karanta da ƙarfi. Ta ce saboda sakacin mai gadi ma'ahad ya kusa rasa ɗalibi mai amfani, shugabanni sun gyara al'amarin da hikimarsu, mai gadi kuma ya yi alkawari ba zai sake ba. Ustaz da kansa ya kama babban yatsan Wada ya danna a tawada, ya danna a takarda, sannan ya sa hannu a matsayin shaida.

"Ka riƙa lura da yadda ake mu'amala da mutane, ya Hajji," ya ce masa da tausasawa. "Mutane ba dabbobi ba ne."

Wada ya buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshensa, da Hausa da Larabci duka. Abin da ya fito kawai shi ne "to" ɗin Larabawa: "Ɗayyib, ya Ustaz."

Ya tsallaka tsakar makarantar yana tafasa. Ya shirya abin da zai gaya wa Shatu, tun daga kan igiyar awo, kuma ya ƙudura yau ko ta yi dariya sai ta saurare shi har ƙarshe. Ya tura ƙofa.

Ɗakin babu komai a bango. Ta sauke labule, ta naɗe tabarmi, ta jera tukwane cikin juna. Kayansu duka suna tsakiyar ɗaki, ƙulli huɗu a cikin zannuwanta, ita kuma tana zaune kan ɗaya da mayafi a ka kamar mai jiran mota. Matar da ta kwana uku tana yi masa dariya ashe ba ta taɓa yarda za su tsira ba, ta dai ƙi ya gani ne.

Ta dubi fuskarsa, ta dubi yatsan da ya yi baƙi.

"Laifin wa aka ce?"

"Nawa."

"Ka yarda?"

"Na dangwala."

"Ɗakin fa?"

"Muna nan."

Ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa, bai san dariya ce ko kuka ba, bai kuma tambaya ba. Duk jawabin da ya shiryo ya bar shi a bakin ƙofa. Ya tsuguna ya kama ƙullin farko. Ta ɗaure shi tamau, irin ɗaurin wanda zai yi nisa, sai da ya sa haƙori kafin ya kwance.