Maɓallin Dama, Hannun Hagu

A bangon falon Mai Hoto akwai hotuna huɗu a jere, kowanne da ɗansa guda cikin doguwar rigar kammala karatu da hula mai tuntu. Bayansu kuma ga ƙusa ta biyar, tsirara, ba a rataya mata komai ba. Ta Auta ce. Tun ranar da yarinyar ta samu shiga makarantar aikin jinya ya kafa ta, don shi ba ya cikin masu jin "bari lokaci ya yi". Hotunan nan duk shi ya ɗauka da hannunsa, kuma duk baƙon da ya zauna a falon sai ya sha wannan labari, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Ya daɗe da rufe shagonsa na hoto, ya rabu da manyan kyamarori, amma guda ɗaya ya hana ta fita daga gidan: wata 'yar ƙarama mai ruwan azurfa, wadda ba ta fi sabulun wanka girma ba. Da ita ya ɗauki 'ya'yan nan huɗu. In ya tashi yabonta kuwa, sai ka gaji.

"Dubi nan," yakan ce. "Babban maɓallin ɗauka a sama, ta dama, daidai inda manuniya take sauka. Zoben da ya kewaye shi na jawo nesa kusa ne. Na kunnawa ga shi a gefensa, ɗan mitsitsi, an nutsar da shi don kada ka taɓa bisa kuskure. A baya, kusa da gilashin dubawa, ga 'yan ƙuraje inda babban yatsa zai zauna. Wanda ya ƙera ta sai da ya auna hannun ɗan Adam."

Dubawa fa kawai za ka yi. Taɓawa babu. Inna, matarsa, ta yi shekaru tana goge kantar da kyamarar take kai, tana zagaye ta da tsumma ba ta taɓa ɗaga ta ba.

Sai ga shanyewar ɓarin jiki ta same shi, ta dama. Da magani da gashin jiki a asibiti ƙafa ta dawo, baki ya dawo, har ya fi da yawan faɗa. Hannun dai ya ƙi. Yana nan kwance a cinyarsa, yatsun a dunƙule. Ranar da ya sake ɗaukar kyamararsa ya gane cewa gwanin nan da yake yabo hannun dama kaɗai ya auna.

Da bikin yaye su Auta ya matso, babban ɗansa ya zo ya zauna a ƙasa, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da maganar.

"Baba, dama na yi magana da wani mai ɗaukar hoto. Aikinsa na da kyau."

"Na mutu ne?"

"A'a, Baba, gani na yi..."

"To ka bari sai na mutu."

Auta tana bakin ƙofa tana jinsu. Ta ce, "Yaya, ka sallame shi. Ni dai in ba Baba ne ya ɗauka ba, a bar ƙusata yadda take."

Maganar ta yi masa daɗi har cikin ƙashi, ta kuma tsorata shi, don ya san abin da su ba su sani ba. Kullum da hantsi, in gida ya watse, Inna ta shiga ɗakin ɗinkinta, yakan jawo kyamarar ya gwada. Ya riƙe da hagu ya miƙa manuniya ta tsallaka sama, sai tafin hannu ya rufe idon kyamarar. Ya sauya riƙo, yatsa ya zame ya faɗa kan na kunnawa, idon ya shige ciki, gilashi ya yi baƙi. In ma ta ɗauka, me ta ɗauka? Silin, ƙafar kujera, ko wani jan duhu wanda yatsansa ne. Mutumin da amare suke layi a ƙofar shagonsa, yau ya kasa ɗaukar labule yana tsaye wuri ɗaya. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Wata safiya kyamarar ta suɓuce, ta faɗa kan darduma, ta gangara ƙarƙashin teburi. Ya sunkuya, jiki ya ce bai san zancen ba. Ya daɗe yana kallonta kafin girman kai ya sassauta masa wuya.

"Innar yara."

Ta leƙo, da zare a gefen bakinta.

"Miƙo mini abin can."

"Ni? In taɓa ta?"

"Sai kin ja mini rai?"

Ta durƙusa ta ɗauko ta da gefen gyale kamar murfin tukunya mai zafi, ta ɗora masa a tafin hagu. Matar da ba ta taɓa riƙe kyamara ba, ina za ta san sama da ƙasa? A kife ta ba shi, murfin batir yana kallon silin, rubutun jikinta duk kai a ƙasa.

"Dubi yadda kika ba ni ita, don Allah. Shekara nawa kina gani ana..."

Bai ƙarasa ba. Yatsunsa huɗu sun kama saman, babban yatsa ya tallafo ta daga ƙasa, kuma a ƙarƙashin yatsan nan akwai wani abu mai santsi, zagayayye, wanda ya sani sarai. Maɓallin da yake sama ta dama ya dawo ƙasa ta hagu. Idon kyamarar a buɗe, babu abin da ya tare shi. Ya ɗaga, ya danna rabi, ta yi 'yar ƙararta, ya ƙarasa dannawa. Ga Inna a gilashi, baki sake, zare na lilo.

"Tsaya nan," in ji shi. "Kada ki motsa."

"Yanzu fa kake faɗa."

"Na fasa."

Daga ranar Inna ta zama abar gwaji. Ya ɗauke ta tana taka keken ɗinki, tana shanya, tana hararar sa. Zoben jawowa ya koma aiki a juye, sai da ya sake koyonsa kamar sabon shiga. Matsala ɗaya ta rage: babban yatsa faffaɗa ne, yakan haɗa da na kunnawa. Inna ce ta kawo ɗan dutsen ado irin wanda take liƙa wa wuyan riga, ta ce a ɗora a kan babban maɓallin don ya yi tudu. Mai Hoto ya miƙa mata kyamararsa da kansa, ya kau da kai, yana ji tana ɗiga mata gam.

Ranar bikin, harabar makarantar ta cika da iyaye, kowa ya ɗaga waya. Auta ta fito cikin rigarta, ta tsaya inda ya nuna mata, gefen da rana ba ta dukan ido. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga kyamarar.

"Baba, ka riƙe ta a kife," wata mata ta gaya masa cikin tausayi.

"Na sani, 'yata. Ɗan matsa, kin shiga hoton."

Ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ya riƙe numfashi. Auta ta dube shi, tsoho cikin babbar riga, hannu ɗaya a rataye, dutsen Inna yana ƙyalli a ƙarƙashin yatsansa, sai idonta ya ciko, ta yi murmushi a haka. A nan ya danna.

A shagon wanke hoto, mai shagon ya juya hoton a kwamfuta ya miƙe tsaf. Ya ce aiki ya yi, haske ya zauna, sai abu ɗaya. Kyamarar takan buga kwanan wata da jan rubutu a kusurwar ƙasa ta dama. A wannan kuwa ya koma sama ta hagu, kai a ƙasa.

"Yanzu zan goge shi, ba wanda zai gane."

Mai Hoto ya buɗe baki zai ce to, don bai taɓa barin aibi a aikinsa ba. Auta ta riga shi.

"A bar mini shi. Na yayyena duk da hannun dama aka yi. Nawa ne kaɗai aka sha wuya a kansa."

Mai Hoto da kansa ya rataya firam ɗin a ƙusa ta biyar, da hagu, ya hana kowa kama masa. Yanzu baƙo in ya zauna a falon, ba a bari ya gama gaisuwa sai an kai shi gaban hoton an nuna masa jan rubutun nan da ke kife. In ya tambayi yadda aka yi, Mai Hoto yakan gyara zama, ya nuna ƙofar ɗakin ɗinki da haɓa.

"Ɗauka dai ni na ɗauka," yakan ce. "Riƙon kuwa, Innar yara ce ta koya mini."