Jan Allon da Ban Rataya Ba

A cocin ƙauyenmu, idan za a ɗaura aure da rana, tun da safe ake ɗaga ƙararrawoyi. Mu shida muke kama igiyoyi, mu yi ta ja har kowace ƙararrawa ta juye, bakinta ya kalli sama, ta jingina da wani siririn katako. Haka ake barinsu sai lokacin biki. A wannan tsayuwar, dafawa kawai za ta sa ta kifo, ga shi babbar cikinsu ta fi saniya nauyi. Shi ya sa duk wanda ya fita ƙarshe yake rataya jan allo a ƙofar hasumiya, don kada kowa ya hau.

Ranar Juma'ar nan ni ce ta ƙarshe. Shugabanmu, Mista Penhale, ya miƙo mini allon yana saka hula.

"Merryn, a jikin ƙofa ake ratayawa fa, ba a tsakiyar littafi ba."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na sauko da niyyar ratayawa, sai na ga rana ta faɗo kan bencin da nake so, wanda aka sassaƙa wa kan zomo. Shafi ɗaya ya rage mini in gama babi. Na zauna.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Muryar Goggo Loveday, mai riƙe makullan coci, ce ta dawo da ni. Tana jera furannin biki.

"Sarauniyar karatu, ba ki tafi ba? Da kin ɗaga kai da kin gaisa da baƙuwa."

"Wace baƙuwa, Goggo?"

"Ta hukumar kare tsofaffin gine-gine mana, masu zuwa duk shekara biyar. Sabuwa ce, Misis Ackroyd. Wai katakon da ke riƙe da ƙararrawoyi ya haura shekara ɗari biyar, tana so ta ga ko ya fara ruɓewa. Na ga babu allo, na buɗe mata."

Allon yana kan cinyata. A kansa na ɗora littafin.

Goggo ta bi idona da kallo, furannin suka zube daga hannunta. Ta buɗe baki za ta ƙwala kira, na riƙe ta.

"Kada ki yi ihu. In ta firgita ta kama wani abu, shi ke nan. Ki kira Mista Penhale."

Gwiwoyin Goggo ba sa hawa bene. Babu kowa sai ni.

Matakalar dutse ce mai murɗewa, tsakiyar kowane taki ya lotsa saboda ƙafafun mutanen da suka daɗe da mutuwa. Na saba da ita har zuwa ɗakin igiyoyi. Abin da ban taɓa hawa ba shi ne tsanin katakon da ke bayansa, wanda ya miƙe tsaye zuwa wata 'yar ƙofa a rufi. Shekara biyu ina kauce masa. Yau ƙofar a buɗe take. Na wuce igiyoyin a karkace, hannuna a ƙirji, don kada rigata ta taɓa ko ɗaya. Na kama tsanin na hau.

Na zura kai. Warin kashin tsuntsu da tsohon ƙarfe ya cika wurin. A cikin duhu-duhun sai ga bakuna shida baƙaƙe a wangame suna kallon rufi.

Matar tana durƙushe a cikin ramin babbar ƙararrawa, wurin da kullum ƙararrawar ke rataye, yau fayau don tana sama. Da fitila a goshinta, tana tsikarar katako da wani tsinken ƙarfe, tana 'yar waƙa a hanci. Kafaɗarta saura kaɗan ta gogi babban gargaren da igiya ke naɗewa a kai.

Na kira ta a hankali.

"Madam."

"Af, sannu 'yammata! Zo ki ga ikon Allah, ko ƙusa ɗaya babu a ginshiƙin nan, duk turakun itace ne." Ta miƙa hannu za ta kama gargaren ta miƙe.

"Don Allah kada ki taɓa. Kada ki tashi."

Hannun ya tsaya a iska.

"Ƙararrawoyin a ɗage suke. Babbar tana bisa kanki."

A hankali ta ɗaga kai, hasken fitilar ya hau jikin ƙarfen, ya yi ta hawa. Na ji numfashinta ya sauya.

"To," ta ce da wata ƙaramar murya. "Faɗa mini yadda zan yi."

"Ki kwanta da ciki. Ki ja da baya, ta hagu. Ki bar jakar."

"Duk aikina yana ciki."

"Ki bar ta, Madam."

Ta fara ja. Takalminta ya daki ginshiƙi, wani abu ya yi ƙara a sama, ƙura ta zubo mana a ka. Na rufe ido ina jira. Shiru. Da na buɗe, ƙafarta tana neman tsani kusa da fuskata, na kama na ɗora mata a kan taki.

A ɗakin igiyoyi muka zube a ƙasa, kowa ya jingina da bango. Muna nan Mista Penhale ya iso yana haki, sauran masu jan igiya suna bayansa.

"Ni ce," na ce tun bai tambaya ba. "Ban rataya ba."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce babu mai hawa ɗauko jaka sai an sauke ƙararrawoyi, kowa ya kama igiyarsa. Na kama tawa. Shi ya ja babbar, kuma a juyin farko, kafin ta yi kuka, muka ji wani tim a bisa kanmu.

Da aka gama ya hau ya sauko da jakar. Misis Ackroyd ta zazzage ta a ƙasa. Ƙararrawar ta baje gorar shayinta ta ƙarfe kamar faifai. Ta daɗe tana juya ta a hannu, sannan ta tambaya ko akwai inda mutum zai yi amai.